Tumakin da Suka Saura a Sunan Gari

Kudu maso gabashin birnin Dublin, a ƙasar Ayalan, akwai wata unguwa da ake kira Glenageary. Yau gidaje ne da tashar jirgin ƙasa, amma a harshen 'yan ƙasar sunanta Gleann na gCaorach, wato kwarin tumaki. Lokacin da hukumar Ingila ta auna tsibirin tsakanin 1824 zuwa 1846, an daidaita dubban sunaye irin wannan bisa rubutun Turanci, ma'anarsu ta ɓuya ga mai karatu. A 1869 wani masani, P. W. Joyce, ya wallafa littafin da ya warware asalin da yawa daga cikinsu, aka ga inda dā ake kiwo da inda ake noma.

Ƙasar Hausa ma tana ajiye tarihin dabba a cikin suna. 'Yantumaki a ƙaramar hukumar Ɗanmusa, 'Yan Awaki a Kano da Unguwar Shanu a Kaduna duk suna nuni ga dabbar da wurin ya shahara da ita. A yammacin Zamfara kuwa, inda gulbin Zamfara ya ratsa ta Anka ya gangara Gummi, kalmomin da suka fi magana su ne ruga, mashaya, burtali da tunga. Ruga mazaunin makiyayi ce, mashaya wurin shayar da garke, burtali hanyarsa tsakanin gonaki, tunga kuma zangon da ya daɗe har ya zama ƙauye, kamar Tungar Daji ta Anka da Tungar Guru ta Bukkuyum.

Waɗannan sunaye shaida ce. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ba ta iya riskar kowane burtali ba, saboda haka idan gardama ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, sau da yawa sunan wuri da ƙwaƙwalwar dattawa ne hujja. Yanzu ta'addancin 'yan bindiga ya tarwatsa ƙauyuka, kuma dattijon da ya yi hijira zuwa garin Anka ko Gummi da sunayen fadamu da mashayu ya tafi.

Ayalan ta rubuta nata tun masu jin harshen suna raye. Ya kamata masarautun Anka, Gummi da Bukkuyum su tara nasu, kowane suna da ma'anarsa, tun akwai waɗanda za a tambaya.