Ɗorin Muƙamuƙi: Daga Tsohuwar Masar zuwa Hoton Ƙashi

A gaban kowane kunne akwai ɗan dunƙulen ƙashi inda muƙamuƙin ƙasa ya ƙare, wanda ake kira «condyle» da Faransanci. Yana zaune cikin wani gurbi na ƙoƙon kai. Da shi ake tauna, da shi ake magana. Doguwar hamma kan fitar da shi daga gurbinsa, baki ya ƙi rufuwa.

Maganin wannan gocewa tsoho ne. Wata takardar likitancin Masar, da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda Edwin Smith ya saya a Luksor a 1862, ta ƙunshi larurori 48. Ta 25 ta bayyana dabarar: maɗori ya sa manyan yatsunsa cikin baki, sauran yatsun ƙarƙashin haɓa, ya tura ƙashin ya koma mazauninsa. Hifokiratis na Girka ya rubuta makamanciyarta, haka ma Al-Zahrawi na Andalus, kuma likitoci ba su bar ta ba har yau.

Karaya ce ta gagari hannu. Wuyan dunƙulen siriri ne, faɗuwa a kan haɓa kan karya shi a ɓoye. Sai bayan da Bajamushe Rontgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895 ido ya kai inda yatsa bai kai ba.

Ga yaro, karayar da aka yi wa sakaci kan manne ƙashin da ƙoƙon kai, baki ya daina buɗuwa, haɓa ta tsumbure. Don haka yaron da ya faɗi kan haɓa, cizonsa ya karkace, hoto yake buƙata kafin ɗori.