Madubin Rana: Tsohuwar Tambayar Haske a Ƙasar Gwandu da Sakkwato

Duk lokacin da aka ɗauko zancen rubuta kimiyya da Hausa a tsakaninmu marubuta, ba a rasa mai cewa ai wannan fanni baƙo ne, na Turawa ne, mutanenmu ba su damu da shi ba. Mu kuwa muna ganin tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Garin Gwandu, inda Shehu Usmanu ya sauka da jama'arsa a 1805, inda kuma hubbaren Malam Abdullahi yake, gari ne na malamai, malami kuwa dole ya riƙa ɗaga kai sama. Da inuwa yake sanin azahar da la'asar, da jinjirin wata yake sanin azumi, da taurari yake gane alƙibla idan dare ya same shi a daji.

A shekarar 1824 wani Baturen Ingila mai suna Clapperton ya iso Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan wan Malam Abdullahi kuma almajirinsa. Yana tafe da na'urar da matuƙan jirgin ruwa ke auna tsayin rana da ita, wadda mutanen gari suka raɗa wa suna madubin rana. Sarki ya aika ya zo da ita fada. Bisa ga abin da Baturen ya rubuta, da ya shimfiɗa taswirar sama sai ya tarar Bello ya san burujai goma sha biyu duka, ya kuma san taurari da dama da sunayensu na Larabci. A zuwansa na biyu, a 1826, ya kawo masa littafin lissafin Yukilidas da Larabci, sai Bello ya gaya masa ai da suna da shi, gobara ce ta cinye.

Abin da ya ba fada mamaki shi ne ɗan madubin hangen nesa da ke jikin na'urar, domin duk abin da aka duba da shi sai a gan shi kai ƙasa ƙafa sama. Fadawa suka ƙi tsayawa a gabansa don tsoro, sai da Baturen ya ja baya ya tsaya da kansa Sarki ya leƙe shi. To, mai karatu, ga kacici-kacici: me ya kifar da Bature? Amsar ita ce haske a miƙe yake tafiya. Hasken da ya taso daga hularsa da wanda ya taso daga takalminsa, idan suka ratsa gilashi mai kauri a tsakiya sai ya tanƙwaso su, su gitta juna, na sama ya sauka ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Ba sai da gilashi ba ma. Wanda ya rufe ɗakin ƙasa da rana tsaka ya bar 'yar huda guda a ƙyaure, zai ga hoton tsakar gida a jikin bango a kife. Ibnul Haisami ya yi bayanin irin wannan ɗaki mai duhu a Misira shekara kusan dubu da suka wuce. Idon ɗan Adam ma a kife yake karɓar hoto, ƙwaƙwalwa ce ke daidaita mana shi.

Shekara shida bayan wannan, cikin watan Satumba na 1830, tsohon baran Clapperton, Richard Lander, da ƙanensa suna garin Busa a bakin Kwara, kudu da Yawuri, sai aka yi husufin wata. Sun rubuta yadda gari ya ruɗe da kiɗa da kururuwa don rana ta saki wata. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, kowa ya san yara da gwangwanayensu a irin wannan dare. Sai dai rana ba ta kusa da wurin. Duniya ce ta shiga tsakani, inuwarta ta faɗa kan wata, shi ya sa husufin wata ba ya aukuwa sai a tsakiyar wata, daren sha huɗu ko sha biyar, na rana kuwa sai a ƙarshensa. Dalilin da ya hana a yi shi kowane wata shi ne hanyar wata ta karkace daga ta duniya da kimanin digiri 5, galibi sai ya bi ta saman inuwar ko ta ƙasanta. Jan da yake yi kuma, iskar da ke lulluɓe da duniya ce ke tace hasken rana ta tanƙwaso ja zuwa cikin inuwar.

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 da hantsi, inuwar wata ta ratsa Nijeriya, rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina na fiye da minti uku. Gwandu da Kalgo suna gefen hanyar inuwar, don haka galibin ranar ne ya rufe. A irin wannan sa'a, ɗigon hasken da ke ƙarƙashin itacen dogon yaro yakan koma kamar jirajiran wata barkatai a ƙasa, domin kowace kafa tsakanin ganye tana aikin hudar ƙyauren nan.

Ko tafiya sararin samaniya ma ta taɓa mu. Lokacin da John Glenn na Amurka ya kewaya duniya sau uku a ranar 20 ga Fabrairu 1962, ɗaya daga tashoshin da suka bi sawun kumbonsa a Kano take. Yau kuma ga jami'ar kimiyya a Aliero tun 2006, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, wadda aka kafa a 2013. Ɗalibai na karanta waɗannan abubuwa da Ingilishi, amma iyayensu ba su da inda za su karanta da Hausa, wannan kuwa laifinmu ne mu masu alƙalami. Tambayoyin suna nan zube. Me ya sa mai azumi a Maiduguri ke riga na Kalgo buɗa baki da fiye da rabin awa? Me ya sa ba a taɓa ganin Zara matar wata da tsakar dare? Mutum nawa suka san ita ce dai Gamzaki na asuba?

Wadda ta fi burge mu ita ce ta Kaza da 'Ya'yanta. Hasken wata yana iso mu cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, na rana cikin minti takwas da ɗoriya, amma na waɗannan taurari sai ya shekara kimanin 440 a hanya. Ke nan hasken da manomin Kalgo ke gani a daren yau ya taso ne dab da lokacin da sojojin Maroko suka rushe daular Sangai a 1591. Labarin wannan rushewa yana cikin Tarikhus Sudan na Abdurrahman Assa'adi, littafin da Bature Barth ya fara cin karo da shi a hannun malaman Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, ya zauna kwana da kwanaki yana kwafa.