Daga Wot ɗin Gyallesu zuwa kartar aljanu ta Amurka

Duk wanda ya tashi a Gyallesu ko Tudun Wada a wajejen 2006 zuwa 2010 ya san cewa idan 'yan Nepa su ka yi halin nasu ana tsakiyar kallon fim, abu na gaba shi ne a shimfiɗa tabarma a zaure, wani ya zaro karta daga aljihu. Wot mu ke yi. Matsalar ita ce ban taɓa ganin kwalin Wot da ya yi wata guda a hannun yara ya na cikakke ba. Yau sta 7 ta ɓace, gobe ƙanen wani ya tauna bol 12. To, abin da mu ke yi idan kati ya ɓace shi ne ya sa ni wannan rubutu, domin sai da na girma na gane cewa a can wata duniyar an gina babbar sana'a a kan irin wannan shiriritar tamu.

Bari mu fara da Wot ɗin kan sa. Da yawan mu mun ɗauka a Legas ko Anacha aka ƙirƙire shi. A'a. Wani Bature ne mai suna William Henry Storey ya fito da shi a Ingila a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons na birnin Lids ya karɓe shi. Kati 54 ne: bol 12, angul 12, kuros 9, kafet 9, sta 7, sai Wot mai lamba 20 guda biyar. Yadda Turawa su ka tsara shi, wasa ne mai lami: ka bi zane ko ka bi lamba, idan ba ka da shi ka ja. A can ƙasar sa ta haihuwa ma ya daɗe da kwantawa. Da ya zo Nijeriya ne aka zuba masa yaji. A nan ne 2 ta zama fik-tu, 5 ta zama fik-tiri, 1 ta zama hol-on, 8 ta tsallake na kusa da kai, 14 kuma ta kora kowa kasuwa. Babu wani taro da aka yi aka zartar da waɗannan dokoki. Shi ya sa har gobe idan ɗan Sabon Gari ya zauna da ɗan Gyallesu, kafin a raba sai an tsaya an yi ciniki: "Ana tare fik-tu? Ana fita da Wot?"

Mu namu ya wuce nan. Idan kati ya ɓace, sai a yanko kwalin sukari a zana madadin sa da biro. Da farko abin da ya ɓace mu ke mayarwa. Ran nan wani yayan mu ya ce, tunda mu ke zanawa, wa ya ce dole sai abin da Bature ya zana? Lokacin sitikar 'yan fim ta cika gari, sai ya manna hoton marigayi Rabilu Musa Ibro a kwali, ya ce duk wanda aka jefa wa wannan kati, idan ya yi dariya kafin zagaye ya dawo kan sa, ya ja uku. Wani ya kawo Amrish Puri, ya ce tunda bos ne, ya na ƙwace kati ɗaya daga hannun kowa. Nan take aka ce ai bos ba ya kai ƙarshen fim, don haka aka yi katin jarumi mai kashe shi. Kafin hutun makaranta ya ƙare, kowa ya na da 'yan katunan sa biyar zuwa shida da ya ke zuwa da su daga gida, a cuɗa su cikin na kowa. Rabin lokacin a gardama ya ke tafiya, amma wallahi gardamar ta fi wasan daɗi.

Abin da yayan namu ya yi da kwalin sukari, shi wani Ba'amurke masanin lissafi, Richard Garfield, ya yi tun a 1993, sai dai shi da ilimi ya yi nasa. Wani ƙaramin kamfani mai suna Wizards of the Coast ya nemi ya tsara masa wasa mara nauyi da za a iya yi cikin 'yan mintuna, sai ya kawo Magic: The Gathering. Sabon abin da ya zo da shi shi ne, ba kwali ɗaya ake ajewa a tsakiya kowa ya ja ba. Kowane ɗan wasa da nasa ƙunshin ya ke zuwa, wanda shi ya zauna ya haɗa da kan sa. Katunan a ƙulle ake sayar da su cikin 'yar leda, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka farke, kamar hoton cikin cingam. Labarin wasan kuwa tatsuniya ce zalla: mayaƙa biyu masu siddabaru, kowa da rai 20, su na kiran dodanni da aljanu da dakaru su gwabza. Launi biyar ne. Ja na wuta da gaggawa, shuɗi na wayo da hana ruwa gudu, kore na ƙattin namun daji, fari na tsari da kariya, baƙi na mugunta da sadaukar da naka don ka ci riba. A wasan da aka saba, kati 60 ake haɗawa, kuma ban da katunan ƙasa, ba a sa iri ɗaya fiye da huɗu. Yau katunan daban-daban sun haura 20,000. Ka ga kenan tun kafin a zauna an riga an yi rabin wasan, a ɗaki, mutum shi kaɗai ya na zaɓe ya na zubarwa.

Ga inda abin zai ba masu karatun mu sha'awa. Ƙarin katuna na farko da aka fitar, a Disambar 1993, daga Dare Dubu da Ɗaya aka ɗebo shi kacokan. Akwai katin Aladdin, akwai Ali Baba, akwai Sindbad, ga kasuwar Bagadaza, ga aljanu kala-kala. Akwai kuma katin Shahrazad, matar nan da ta riƙa ja wa sarki rai da labari. Idan ka jefa ta, sai a dakatar da wasan da ake yi, a buɗe wani sabo a cikin sa da ragowar katuna, wanda aka cinye ya koma na farko da rabin ran sa. Labari cikin labari kenan, aka mai da shi doka. Ni a gani na ba a taɓa yin katin da ya fahimci littafin da aka ciro shi kamar wannan ba. Mu kuma nan Zariya wannan dabara ba baƙuwa ba ce, domin a garin nan Abubakar Imam ya zauna ya tsara Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa aku ya riƙe zaren. Ba shi ya ƙagi kowane labari ba. Zaɓen da jerin su ne nasa. Na kan tuna wannan duk lokacin da mu 'yan sharhi mu ka taso wani furodusa a gaba da zargin wankiya. Ɗaukowa ba ita ce laifin ba. Laifin shi ne ka ɗauko ƙunshin wani yadda ya ke, ko kati ɗaya ba ka canza ba.

Kuma irin wannan wankiyar ce ta kusa shaƙe Magic. A 1996 aka fara gasar ƙwararru mai kyautar daloli, a 1999 kamfanin Hasbro ya saye Wizards ɗungurungum, ga intanet ta shigo. Duk wanda ya ci gasa, kafin wayewar gari jerin katunan sa ya zaga duniya, kowa ya kwafa. Mai kuɗi ya sayi irin su, talaka ya zo da ƙunshin da ya ɓata dare ya na haɗawa, a share shi cikin minti biyar.

Maganin bai fito daga kamfani ba. Daga Alaska ya fito, can ƙarshen Amurka inda sanyi ke tsare mutane a ɗaki. Wasu abokai, cikin su har da Adam Staley, su ka ƙirƙiro nasu salon: kati 100, kuma ban da na ƙasa, ba a maimaita ko ɗaya. Ka zaɓi gwarzo guda ya zama jagora, sauran katunan duk su bi launin sa. Sunan da su ka sa masa, Elder Dragon Highlander, rabin sa daga fim ne, wato Highlander na 1986 wanda Christopher Lambert da Sean Connery su ka fito, inda mayaƙa ke kashe juna har sai ɗaya tal ya rage. Wani soja kuma alƙalin gasa, Sheldon Menery, shi ya gyara dokokin ya yaɗa su a tsakanin alƙalai 'yan'uwan sa, su na yi da dare bayan an tashi daga gasa. Yawanci mutum huɗu ke zama, kowa da rai 40, don haka sai an haɗa da lallashi da ƙulla ƙawance da cin amana, kamar dai majalisar ƙofar gida. Tunda ba a maimaita kati, tsofaffin da aka watsar a akwati su ka samu aiki. Wani ya haɗa ƙunshin kyanwoyi zalla, wani na 'yan fashin teku, ba don ya ci ba, sai don a yi dariya. A 2011 kamfani ya ga kasuwa, ya fara sayar da shi da sunan Commander, kuma cikin shekaru kaɗan ya zama salon da aka fi yi.

Sai kuɗi ya sake biyo shi. Dokokin Commander sun ci gaba da zama a hannun wani ɗan kwamiti na 'yan sa-kai. Menery ya rasu a 2023. A Satumbar 2024 kwamitin ya haramta katuna huɗu da ya ce su na ɓata zaman raha, ciki har da masu tsadar gaske irin su Mana Crypt da Jeweled Lotus. Farashin su ya faɗi warwas, waɗanda su ka zuba jari su ka fusata, har da masu aika barazanar kisa. Kafin watan ya ƙare kwamitin ya miƙa ragama ga kamfani. Wasan da abokai su ka ƙaga don gudun kasuwa, kasuwa ta karɓe shi.

Ban yi mamaki ba, domin na ga ƙaramin sa a zauren mu. Shi kan sa Magic da farko da caca ya zo, kowa ya aje kati ɗaya wanda ya ci ya kwashe, sai daga baya aka soke. Mu namu ba a soke ba. Wasu samari da su ka girme mu su ka fara zuwa su na cewa a sa naira goma-goma "don wasa ya yi armashi". Ranar da kuɗi ya hau tabarma, ranar aka kori katin Ibro, don babu mai yarda ya yi asarar kuɗin sa saboda dariya. Aka koma kati 54 cif, sabo fil, ana ƙirgawa kafin a raba. Ba a yi sati biyu ba maigidan ya leƙo ya ga canji a ƙasa, ya ce, "Kai, ku tashi! Caca a zaure na?" Ya haɗa da mu da ba mu sa ko sisi ba.

Katunan kwalin nan sun daɗe a cikin wani gwangwanin madara a ɗakin yayan namu, har aka zo gyaran ɗaki lokacin auren sa aka zubar. Ita ma Shahrazad ba ta tsira ba: an hana ta a gasa, kuma ko a Commander ba a yarda a sa ta, wai idan mutum huɗu su ka shiga labari cikin labari, gari zai waye ba a tashi ba.