Yadda Wiskin Sha'ir Ya Zama Abin Ɗanɗano a Sikotilan

Tsohon rubutun da ya fara ambaton wiski a Sikotilan na shekarar 1494 ne, inda littafin baitulmalin sarki ya nuna an ba wani malamin coci, John Cor, tsiron sha'ir domin ya dafa. Daga baya haraji ya yi nauyi, manoman tsaunuka suka koma dafawa a ɓoye.

Dokar 1823 ta sauƙaƙa lasisi. George Smith na kwarin Glenlivet ya karɓi nasa a 1824, maƙwabta masu fasa-ƙwauri suka yi masa barazanar ƙona wurin dafawarsa, har ya riƙa yawo da bindigogi biyu a ɗamara. Duk da haka, fiye da shekara ɗari wiskin gauraye ne ya riƙe kasuwa, na sha'ir zalla kuwa sai dai a zuba shi cikin haɗi. A 1963 ne kamfanin Glenfiddich ya fara tallata nasa shi kaɗai a ƙasashen waje.

Nan masu ɗanɗano suka samu abin yi. Sukan zuba kaɗan a kofi mai tsukakken baki, su shinshina, su ɗiga ruwa don ƙamshin ya buɗe. Wiskin tsibirin Islay yana da ƙaurin hayaƙi, saboda da baƙar ƙasar fadama mai cin wuta ake busar da tsiron. Na yankin Speyside ya fi kusa da zuma da tuffa. Gangar katako ma tana da nata hannu, domin doka ta ce sai ya shekara 3 a cikinta. A 1983 aka kafa ƙungiyar Scotch Malt Whisky Society a Edinburgh, tana sayen ganga guda ta ɗura wa mambobinta a kwalba.