Charles Cordier da Sunan Sa'idu Abdullahi

An haifi Charles Cordier a garin Cambrai, arewacin ƙasar Faransa, cikin shekarar 1827. Tun yana saurayi ya tafi birnin Faris, ya zauna hannun wani mashahurin masassaƙi, François Rude, ya koyi sassaƙa mutum-mutumi da zubin tagulla. A zamanin nan kuwa masassaƙan Turai ba su ɗauki wata siffa a bakin kyau ba sai irin ta mutanen Girka na dā. Wanda duk ya kauce wa wannan, sai a ce bai iya ba.

Cikin 1847 Cordier ya gamu da wani baƙin mutum wanda ya taɓa zama bawa, ya sami 'yanci, yana neman abinci ta wajen tsayawa gaban masu zane su kwaikwayi siffarsa. Ya zaunar da shi, ya gina kamanninsa daga kai zuwa ƙirji, da gemunsa da kwarjininsa. Da aka yi babban nunin ayyukan hannu na Faris cikin 1848, sai ya kai aikin, aka rubuta wa siffar suna: Sa'idu Abdullahi, na kabilar Mayak, daga ƙasar Darfur. A shekarar nan ce kuma Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mulki, saboda haka jama'a suka dube shi da idon da ba su saba duban baƙar fata da shi ba. Bayan an nuna zubinsa na tagulla a Landan cikin 1851, Sarauniya Biktoriya ta saya.

Daga nan arziki ya buɗe masa. Gidan nazarin halittu na Faris ya ɗauke shi aikin siffanta jinsin mutane iri iri. Ya tafi Aljeriya cikin 1856, Girka cikin 1858, Masar kuma cikin 1866. A Aljeriya ya ga wani dutse mai launi-launi da ake haƙowa, sai ya riƙa zuba fuska da tagulla, ya sassaƙa riga da rawani da dutsen nan. Waɗansu masana suka ce ya ɓata sana'a da ƙyale-ƙyale, amma sarakuna da attajirai suka yi ta saye. Har wa yau shi ne ya yi mutum-mutumin Ibrahim Basha bisa doki cikin 1872, wanda ke tsaye a birnin Alƙahira.

Amma fa akwai abin lura. Cordier ya tsaya a kan cewa kowane jinsi yana da kyaunsa, wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce a zamaninsa. Duk da haka, gidan da ya yi wa aiki ba mutum yake nema ba, samfur yake nema, domin a jera jinsi kusa da jinsi a auna. To, da haka sunan Sa'idu ya soma shuɗewa. Aka koma kiran siffar tasa Baƙin Mutumin Tumbutu, alhali tsakanin Tumbutu da Darfur tafiyar watanni ce ga ayari. Waɗanda ya siffanta daga baya, da yawansu ko suna ba a rubuta musu ba, sai dai a ce mutumin Sudan, ko Balarabiya.

Cordier ya koma birnin Aljiyas da zama a ƙarshen rayuwarsa, can ya rasu cikin 1905, aka kuwa manta da shi shekaru da dama. Sai cikin 2004 gidan kayan tarihi na Orsay a Faris ya tara ayyukansa ya nuna. Yanzu waɗansu gidajen da ke ajiye da siffar farkon nan sun mayar mata da sunanta na farko, watau Sa'idu Abdullahi na Darfur.