"Ku Kalli Bakina": Alkawarin Harajin Da Ya Bi Bush Babba Har Kabari

Wannan rubutun yana da ɗan tsawo, mai haƙuri ya biyo ni.

Duk sanda zancen haraji ya taso a Amurka, kamar yadda ya taso da Trump ya sa hannu a babbar dokarsa ranar 4 ga Yulin 2025, sai an tono sunan mutum ɗaya: George H. W. Bush, wato Bush babba, uban wanda ya kai yaƙi Iraƙi a 2003. 'Yan Rifablikan su ce ga wanda ya ci amanar masu zaɓe, ya ƙara haraji, aka kore shi. 'Yan Dimokrat su ce a'a, ga dattijon da ya fifita ƙasa a kan kujerarsa. Ni dai a ganina kowane ɓangare ya yanke labarin ne daidai inda ya yi masa daɗi.

Sai mun fara daga Reagan kafin a gane Bush. Reagan ya hau mulki a 1981, ya zabge harajin masu samu mafi yawa daga kashi 70 cikin ɗari zuwa 50, a 1986 ya sake saukar da shi zuwa 28. Wannan shi ne Reagan ɗin da ake ba da labari. Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba. Da giɓin kasafin kuɗi ya buɗe baki, shi ɗin dai ya sa hannu a ƙarin haraji a 1982, ya ɗaga harajin man fetur daga santi 4 zuwa 9 a galan, ya ƙara kuɗin da ake cira a albashi don asusun fansho a 1983, ya sake wani ƙarin a 1984. Sai dai bai taɓa fitowa ya kira abin da sunansa ba. Yau a ce toshe ɓaraka ne, gobe a ce gyaran doka ne. Duk da haka bashin ƙasar ya kusa ninkawa uku a shekarunsa takwas.

A Yulin 1984 Walter Mondale, ɗan takarar Dimokrat, ya tsaya gaban babban taron jam'iyyarsa a San Francisco ya ce Reagan zai ƙara haraji, shi ma zai ƙara, bambancin kawai Reagan ba zai faɗa ba, shi kuwa ga shi ya faɗa. Abin dariya, a wannan makon ne Reagan ya sa hannu a dokar ƙarin harajin 1984. Mondale ya faɗi gaskiya, aka kuma yi masa kayen da ba a manta ba: jihohi 49 cikin 50 suka tafi wurin Reagan, shi ya tsira da jiharsa Minnesota da birnin Washington. Gaskiya ko bai yi wannan maganar ba da wuya ya ci, don tattalin arzikin ya haɓaka da sama da kashi 7 cikin ɗari a shekarar. Amma darasin da 'yan siyasa suka ɗauka shi ne kada bakinka ya kuskura ya furta kalmar.

To ga Bush, mataimakin Reagan, yana neman gadon kujera a 1988. Matsalarsa ita ce masu ra'ayin riƙau na jam'iyyarsa ba su taɓa yarda da shi ba. Shi ne fa a 1980, lokacin yana takara da Reagan, ya kira tsarin rage harajin Reagan tattalin arzikin tsibbu. Ba su manta ba. A zaɓen fidda gwani na Iowa ya zo na uku. Da aka je New Hampshire sai ya kama Bob Dole da cewa ya ƙi sa hannu a takardar alkawarin ƙin ƙara haraji, takardar da Grover Norquist ya fito da ita a 1986, ya kuwa ci jihar. Bayan ya sami tikiti, ƙuri'ar jin ra'ayi a ƙarshen Yuli ta nuna Michael Dukakis na Dimokrat ya ba shi ratar maki 17.

A wannan halin ya hau mumbari a New Orleans ranar 18 ga Agusta. Ya ce majalisa za ta matsa masa ya ƙara haraji, zai ce a'a, za su sake matsawa, zai sake cewa a'a, su sake, sai ya ce musu: ku kalli bakina da kyau, babu sabon haraji. Zauren ya ɗauki sowa. Peggy Noonan ce ta rubuta jawabin. Richard Darman, wanda ya san lissafin baitulmali ciki da bai, ya so a cire wannan layin don ya san ba zai yiwu ba, aka ƙi. Shi ne kuma daga baya Bush ya naɗa shugaban ofishin kasafin kuɗi. Wato tun ranar da aka yi alkawarin akwai wanda ya san ƙarya ce a cikin gidan.

Dukakis shi ma ya taimaka da nasa. Ya hau tankar yaƙi a Michigan da ƙatuwar hular kwano don ya nuna shi ma namiji ne, hoton ya zama abin tsokana. A muhawara aka tambaye shi ko zai goyi bayan hukuncin kisa in matarsa aka yi wa fyaɗe aka kashe, ya amsa a sanyaye kamar mai karanta rahoton kwamiti. Bush ya kwashe jihohi 40.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A 1990 giɓin kasafi ya wuce dala biliyan 200. Ɗaruruwan ƙananan bankunan ajiya da lamunin gidaje sun durƙushe, dole gwamnati ta biya masu ajiya. Akwai kuma wata doka ta 1985 da ta ce in giɓin ya haura wani adadi, za a zabge kuɗin ma'aikatu kai tsaye ba sani ba sabo, har da na soja. Majalisun biyu kuma suna hannun Dimokrat, George Mitchell a Dattawa, Tom Foley a Wakilai. Waɗannan ba yara ba ne. Sun tuna abin da aka yi wa Mondale, don haka suka ce ba za su taɓa kashe kuɗi ba sai an taɓa haraji, kuma sai shugaban ƙasa ya fara faɗa da bakinsa. Ranar 26 ga Yuni fadar White House ta fitar da 'yar gajeruwar sanarwa da sunan Bush, a cikin jerin abubuwan da ake buƙata aka cusa ƙarin kuɗin shiga ta hanyar haraji. Ba jawabi ga 'yan ƙasa, ba bayani. Jaridar New York Post ta buga a shafin farko: ku kalli bakina, ƙarya na yi.

Ana wata ga wata. Ranar 2 ga Agusta Saddam ya mamaye Kuwaiti. Mutumin da ke shirin tura dubban ɗaruruwan sojoji Saudiyya ba zai so a ce gwamnatinsa ta kasa yin kasafin kuɗi ba. Aka kulle manyan ɓangarorin biyu a sansanin sojan sama na Andrews a watan Satumba har suka fito da yarjejeniya.

Ku lura da wannan, don shi ne abin da masu zagin Bush ba sa son a tuna. Yarjejeniyar farko ba ta ɗaga ma'aunin harajin samun kuɗi ba. Ta dogara ne kan harajin fetur, taba, giya da rage kuɗin lafiyar tsofaffi. Sai Newt Gingrich, mai tsawatarwa na marasa rinjaye a Majalisar Wakilai, ɗan jam'iyyar Bush, ya yi tawaye. Ya ja 'yan Rifablikan, 'yan Dimokrat masu ganin an danne talaka su ma suka ƙi, yarjejeniyar ta faɗi ranar 5 ga Oktoba, gwamnati ta rufe na kwana uku. Daga nan Bush ba shi da ƙuri'un da zai dogara da su sai na Dimokrat, su kuwa suka faɗi farashinsu. Dokar da ya sa wa hannu ranar 5 ga Nuwamba ta ɗaga harajin manya daga kashi 28 zuwa 31, ta ƙara santi 5 a galan ɗin fetur, ta sa kashi 10 a kan kayan alatu irin jiragen ruwan shaƙatawa da motoci masu tsada. Wato tawayen ƙin haraji shi ya haifo harajin da ya fi yi wa masu tawayen ciwo. A gefe guda dokar ta sa wa kashe kuɗi linzami, ta ce duk sabon abin da za a kashe sai an nuna inda kuɗinsa zai fito, da nufin rage giɓin da kusan dala biliyan 500 cikin shekara biyar.

Abin da ya fi ba ni takaici da Bush shi ne bai taɓa tsayawa ya kare abin da ya yi ba. A Oktoban nan 'yan jarida suka tare shi yana sassarfar motsa jiki suna tambayarsa matsayinsa, ya nuna ƙugunsa ya ce su kalli nan, yana wasa da kalmomin alkawarinsa. Haba! Mutane na jin zafi kai kana barkwanci. A Maris ɗin 1992 kuma, da Pat Buchanan ya tsorata shi da kashi 37 a New Hampshire, sai ya fito ya ce yarjejeniyar kuskure ce. Shi ke nan ya yi biyu babu. Wanda ya ji haushin ƙarin bai yafe ba, wanda ya ga dacewarsa kuma ya ga mai abin ma ya gudu ya bar shi.

Shin harajin ne ya kayar da shi? A nan nake rabuwa da 'yan Rifablikan. Wata huɗu bayan ya sa hannu, da aka gama yaƙin Kuwaiti, farin jininsa ya kai kashi 89. Abin da ya cinye shi rashin aikin yi ne, wanda ya kai kashi 7.8 a tsakiyar 1992, ga shi kuma yana nuna kamar abin bai dame shi ba. A muhawarar Richmond kyamara ta kama shi yana duba agogo daidai lokacin da talakawa ke yi wa 'yan takara tambayoyi. Sannan ku dubi waɗanda suka kwashe ƙuri'un. Bill Clinton, mai kashi 43, ya faɗa a fili zai ƙara wa masu kuɗi haraji. Ross Perot, mai kashi 19, cewa ya yi zai ƙara santi 50 a galan ɗin fetur cikin shekara biyar, ninki goma na abin da Bush ya yi. Mutum shida cikin goma ke nan suka zaɓi masu cewa za su ƙara. Bush ya tashi da kashi 37. In da haraji kawai ake gudu, ai ba haka sakamakon zai kasance ba. Abin da bidiyon New Orleans ya yi, wanda Clinton ya yi ta haskawa a tallan kamfe, shi ne ya sa duk abin da Bush ya faɗa a 1992 ba mai saye.

'Yan Dimokrat ma kada su yi saurin ɗaura rawanin gaskiya. Su suka tilasta masa ya furta, su suka zaɓi dokar, su kuma suka ɗauki abin suka doke shi da shi. Clinton ɗin nan ya yi alkawarin rage wa masu matsakaicin samu haraji, yana hawa ya ajiye zancen. A 1993 ya kai harajin manya kashi 39.6 ba tare da ƙuri'ar ɗan Rifablikan ko ɗaya ba, 218 da 216 a Wakilai, a Dattawa sai da Al Gore ya raba gardama. Shekara ta zagayo suka rasa Majalisar Wakilai karon farko cikin shekara 40, Gingrich ya zama Kakaki. Rarar kasafin da aka samu daga 1998 zuwa 2001, ta farko tun 1969, ana yawan jingina ta ga Clinton shi kaɗai. Ba haka ba ne. Akwai hannunsa, akwai bunƙasar kamfanonin intanet, akwai rage kuɗin soja bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, akwai kuma linzamin nan na 1990 da ya yi ta aiki shekara da shekaru bayan mai shi ya koma gida Texas.

Ni hukuncina, kuskuren Bush a 1988 yake, ba a 1990 ba. Ya sayi kujera da alkawarin da mutanensa suka san ba ya cikuwa. Jam'iyyarsa kuwa ta karanta abin a juye: maimakon a daina irin wannan rantsuwa, sai aka mayar da ita sharaɗin shiga takara. Takardar Norquist ta zama abin da kusan kowane ɗan majalisar Rifablikan ke sa wa hannu. Ɗansa George W. Bush ya rage haraji a 2001, ya sake ragewa a 2003 yana tsakiyar yaƙe-yaƙe, rarar ta ɓace. Trump ya saukar da na kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 a 2017. Su ma Dimokrat tun daga Obama ba mai yarda ya ce zai taɓa aljihun matsakaicin ma'aikaci, kullum sai dai a ce masu kuɗi za su biya. Bashin da bai kai tiriliyan 4 ba lokacin da Bush ya sa hannun nan, yanzu ya haura tiriliyan 36.

A 2014 gidauniyar ɗakin karatu na John F. Kennedy, gidan da ya fi kowane gida suna a jam'iyyar Dimokrat, ta ba Bush lambar yabo ta jarumtar siyasa, kuma saboda yarjejeniyar 1990 ɗin ce, wadda shi da bakinsa ya kira kuskure. Lokacin yana dab da cika shekara 90, yana kan keken guragu. Bai je Boston ba, jikarsa Lauren ce ta karɓo masa.