Ci-rani da Koyon Harshe, Daga Mashigar Illo Zuwa Gonakin Italiya

Ci-rani shi ne mutum ya bar garinsu bayan girbi, ya tafi wata ƙasa ya yi sana'a ko ƙwadago, ya komo kafin ruwan shuka. Manufarsa biyu ce tun asali: a rage wa rumbu baki, a kuma samo kuɗin haraji da na sutura da na aure. Sai dai akwai tsaraba ta uku da ɗan ci-rani kan komo da ita ko bai fita nemanta ba, wato harshen mutanen da ya zauna a cikinsu. A ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Najeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wannan tsaraba ta daɗe tana shigowa.

Yankin kansa mahaɗar harsuna ne. A gefen Kogin Kwara, tsakanin Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya, ana jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci, ga kuma harsunan Busawa da Kyangawa. Illo tana cikin manyan garuruwan Borgu guda uku, tare da Busa da Nikki, waɗanda labarin Kisra ya haɗa asalinsu. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri yakan ji harshe biyu ko uku tun bai san ana kiran abin koyo ba.

Fataucin goro shi ne ya fara mayar da tafiya makarantar harshe. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya yada zango a Jega, ya ƙetare Kwara a wajejen Illo ko Gaya, ya bi ta Kandi da Jugu da Sansanin Mango da Yandi har Salaga ta ƙasar Gwanja. Ana tafiya da kanwa da tufafi da kayan fata a kan jakuna, a komo da goro, kuma zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci shekara guda. Madugu shi ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da sha'anin fito da kuɗin hanya da sarakunan Borgu ke karɓa. Babu ɗaya daga cikin ayyukan nan da zai yiwu da harshe guda. A kasuwannin Kandi da Jugu da Paraku, Dandanci ne harshen ciniki, don haka falken da ya iya shi yakan ji abin da dillali ke faɗa wa mai kaya a bayan idonsa. Yaran fatake, waɗanda ake aika su ɗebo ruwa da sayen hatsi da kiwon jakuna, su suka fi saurin kama harshe, domin su ne ke cuɗanya da mutanen gari.

Zango yana da fuska biyu a wannan sha'ani. Baƙo yakan sauka a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma yi masa tafinta. Wannan tsari ya sauƙaƙa kasuwanci ƙwarai, amma ya sa attajiri zai iya yin shekaru a ƙasar Gwanja bai iya gaisuwar mutanen wurin ba, tunda a zango liman Hausa yake ji, mahauci ma haka, mai tuwo ma haka. Sau da yawa ma 'yan gari ne suka koyi Hausa, shi ya sa har yau ake jin ta a zangunan Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana. Wanda ya koyi harshe da gaske shi ne wanda aiki ya fitar da shi daga zango, ko wanda ya yi aure a garin.

Turawa sun zo sun ƙara wasu harsuna biyu. A 1894 Ingila da Faransa suka yi rige-rigen zuwa Nikki don neman yarjejeniya da sarkinta, Lugga yana wakiltar Kamfanin Neja. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla ranar 14 ga Yuni 1898 ta raba Borgu gida biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, daga baya kuma aka mayar da Illo ƙarƙashin masarautar Gwandu. Daga nan dangi ɗaya suka zama wasu takardunsu da Turanci, wasu da Faransanci. Mutumin Tsamiya da ke zuwa cin kasuwa Segbana ko Malambil bai shiga ajin Faransanci ba, amma ya san ƙidayar sefa, ya san abin da zai ce wa jandarma da ɗan duwan. Irin wannan Faransanci na bakin iyaka ba ya rubuta wasiƙa, amma yana fitar da kaya daga hannun jami'i.

A zamanin mulkin mallaka haraji ya sa ci-rani ya bunƙasa. Ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953 a kan hanyoyin fita Lardin Sakkwato, wanda Bagudo ke cikinsa a lokacin, ta nuna sama da mutum dubu 200 sun bi ta wurin zuwa kudu, da yawansu gonakin koko na ƙasar Yarbawa da na Gana suka nufa. Suka komo da Yarbanci da harshen Asante da Turancin buroka. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta kafa a Gana a 1969 ta datse wannan hanya na wani lokaci, kafin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin izinin shiga ƙasashen juna ba biza.

Italiyanci shi ne baƙon ƙarshe a wannan jeri, kuma ya zo ta hanya biyu. Ta farko ita ce Libiya, wadda Italiya ta mamaye daga 1911 zuwa 1943, inda akwai Hausawa mazauna Tarabulus tun zamanin fataucin Sahara. Ta biyu ta fi kusa da gida. Kamfanin Impregilo na Italiya shi ya gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, a kan wannan Kwara ɗin da ta ratsa Bagudo, tafkin ya haɗiye tsohuwar Busa. A shekarun 1970 kuma Impresit ya gina madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara. A nan Italiyawa ne 'yan ci-rani, mutanen ƙasa kuma su ne leburori da direbobi da masu dafa abinci.

Tafiya Italiya kanta ta yi ƙarfi ne bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Hanyar ita ce Agadas, Dirku, Sabha, gaɓar tekun Libiya, sannan kwale-kwale zuwa Lampedusa ko Sisili. A 2016 mutum wajen dubu 181 suka isa Italiya ta teku, kimanin dubu 37 daga cikinsu 'yan Najeriya, mafi yawansu daga kudu, musamman Jihar Edo. Ɗan ci-ranin Arewa ya fi tsayawa a Libiya ko Aljeriya ya yi gini ko gadi ya komo da Larabci, domin tsallaka teku ba tafiyar da ake komowa kafin damina ba ce.

Ga waɗanda suka tsallaka, abin da ya bambanta Italiya da Salaga shi ne harshe ya zama sharaɗin takarda. Tun ƙarshen 2010 mai neman izinin zama na dogon lokaci sai ya ci jarrabawar Italiyanci a matakin A2, kuma tun 2018 mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewa sai ya kai B1. Gwamnati na da makarantun manya da ake kira CPIA inda ake koyar da baƙi. Amma mai tsinkar tumatir a Foggia ko lemo a Rosarno yakan kwana a sansanin bukkoki nesa da gari, tsakanin 'yan Afirka 'yan'uwansa, kuma ɗan kamashon da ake kira kaporale shi ke magana da mai gona a madadinsa, ya yanki rabonsa daga ladan yini. Zango ne da fatoma suka sake bayyana, sai dai wannan fatoman ba ya da kunyar baƙo. Italiya ta tsananta hukunci a kan wannan ɗabi'a da dokar 2016, duk da haka ba ta gushe ba.

Hanyoyin da doka ta tanada su ne suka fi kama da ci-ranin gargajiya. Akwai gurbin aikin gona da na otal-otal da gwamnatin Italiya ke warewa baƙi, wanda Najeriya da Nijar ke cikin ƙasashen da ya shafa, kuma izininsa ba ya wuce wata tara. Akwai kuma bizar karatu, wadda ke bai wa ɗalibi damar aikin awa 20 a mako, kamar masu zuwa jami'o'in baƙi na Perugia da Siena don koyon harshen. Tafiyar ba ta gefe ɗaya ba ce: a jami'ar L'Orientale ta birnin Napoli an daɗe ana koyar da Hausa, inda Farfesa Sergio Baldi ya yi shekaru yana karantar da ita ga ɗaliban Italiya.